Ranar da Saratu ta ɓace mini a Madina

Tun da muka dawo, duk wanda ya zo shagona sayen maganin dabbobi sai ya ja benci ya zauna ya ce, "Malam Lawal, ba mu labarin Madina." Na gaji da ba da shi guntu-guntu tsakanin mai neman maganin tsutsar awaki da mai neman allurar kaji, shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya. Masu tambaya labarin dabino da zamzam suke son ji. Na ci dabinon, na sha zamzam ɗin, amma gaskiya yawancin kwanakin nan cikin fargaba na yi su.

Ba ni kaɗai na tafi ba, da ƙanwata Saratu muka je. Shekararta ashirin da tara, kuma da jinkirin fahimta aka haife ta. Tana salla, ta haddace gajerun surori, tana dafa shinkafa da wake da ya fi na matata daɗi, amma karatu bai zauna mata ba, kuma in aka jero mata tambaya biyu sai ta ruɗe ta sunkuyar da kai. A unguwarmu a Funtuwa akwai sunayen da ake kiranta da su waɗanda ba zan rubuta ba. Inna ta daɗe tana cewa za ta kai ta Umra, sai Allah ya yi mata rasuwa bara ba ta cika burin ba. Na ce ni zan cika. 'Yan'uwa suka rabu biyu: wasu suka ce ganganci ne, wasu suka ce a kai ta a yi addu'a ko Allah zai sa ta warke. Ita kuwa ba wanda ya tambaye ta, har da ni.

Da sassafe muka kama hanyar Kano ta Zariya. Duk shingen da aka tsayar da mu, kafin jami'i ya buɗe baki na riga na ce, "Ƙanwata ce, ba ta da lafiya." Fasfo ɗinta da tikitinta da katin rigakafinta duk suna aljihun cikin rigata, na kama bakin aljihun da fil. A jirgi ban runtsa ba. Ita ta ci abincinta ta ci rabin nawa, ta yi barci abinta.

A filin jirgin Madina aka fara gwada ni. Wurin shige da fice kowa shi kaɗai yake matsawa gaban tebur, a ɗauki hotonsa, ya ɗora yatsu a kan wani gilashi mai koren haske. Saratu ta ga hasken ta dunƙule hannu, ta ɗauka wuta ce. Jami'in, wani saurayi mai haƙuri, ya tambaye ta sunanta da Larabci, ya sake tambaya. Na tsallake jan layin da aka ce kada a wuce, na faɗi sunanta da ƙarfi, na kama hannunta na buɗe yatsun da ƙarfi na danna a gilashin. Aka buga mana hatimi. A lokacin na ɗauka na yi abin kirki. Ban lura ba sai a mota na ga tana murza yatsunta.

Masaukinmu wani ɗan otal ne a Anbariyya, hawa na shida. Ni ina ɗakin maza, ita tana ɗakin mata tare da wata dattijuwa 'yar ayarinmu, Hajiya Kande, wadda na roƙa ta riƙa sa mata ido. Na hana Saratu shiga lif ita kaɗai, na hana ta buɗe taga, na hana ta amsa ƙofa. Abincin safe a can wani wake ne da ake damawa da man zaitun, suna ce masa ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi, tamis. Da rana shinkafa da kaza, kullum, babu miya, babu yaji, har na fara mafarkin tuwon dawa. Saratu ta so ful ɗin sosai. Ni komai na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa, saboda wani abu da ban yi tunaninsa ba tun a gida: a Masallacin Annabi ƙofofin mata daban, na maza daban. Sau biyar a rana sai na miƙa ta ga Hajiya Kande, in tsaya ina kallo har baƙaƙen abayoyi su haɗiye ta. Sallolina na kwanakin farko, Allah dai ya karɓa, don rabin hankalina yana can ɓangaren mata.

A kwana na uku muka je gaishe da Gwaggo Ramatu a unguwar Aƙiƙ. 'Yar wan kakanmu ce. Iyayenta sun zo aikin hajji tun kafin a haifi babanmu suka zauna, a can aka haife ta, 'yar ƙasa ce. Hausarta irin ta tsofaffin da ce, gauraye da Larabci. Ta rungume Saratu tana kuka, ta zuba mana gahawa mai ɗaci a 'yan mitsi-mitsin kofuna. Ban san sai ka girgiza kofin ake daina ƙara maka ba, na sha bakwai kafin ta tausaya mini ta gaya mini.

Muna zaune sai ga 'yarta Amal ta dawo daga aiki. Za ta kai shekara talatin da biyar, gajeriya, kana ganin fuskarta ka san ita ma da larurarta aka haife ta. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ita kaɗai ta shigo, da jaka a kafaɗa da waya a hannu. A wani wurin da ake zuba dabino a kwalaye take aiki. Tana jin Hausa sarai, amma rabi da rabi take mayarwa. Ta zauna kusa da Saratu ta ce, "Esh ismik? Sunanki?"

Na ce, "Saratu."

"Shekarunki nawa?"

Na ce, "Ashirin da tara."

Amal ta juyo ta dube ni, ta dubi uwarta, ta ce, "Ummi, ita ba ta da baki ne?"

Na yi dariyar yaƙe. Don in gyara zancen na ce mun kawo ta ne a yi addu'a ko Allah zai ba ta lafiya. Amal ta ce, "Ni ba ni da ciwo. Ita ma ba ta da ciwo. A hankali muke ganewa, bas, shi ke nan." Gwaggo ba ta tsawata mata ba. Ta ce, "Ɗana, gobe Alhamis suna da jalsa. Ka kawo ta."

Jalsar, wato zaman tattaunawarsu, a wani gida mai ɗan lambu ake yinta, irin wanda ake haya don taro, suna ce masa istiraha. Mata tara ne, duk masu jinkirin fahimta, Larabawa da 'yan asalin ƙasarmu da wata 'yar Sudan. Ni ba a bar ni na shiga ba, a wata rumfa ta waje aka ajiye ni, Gwaggo ta fito ta zauna nesa kaɗan tana yi mini bayani. Ta ce su suka zaɓi shugabarsu, Amal ce a bana. Akwai wata malama mai taimaka musu da rubutu, amma ba ta yanke komai. Iyaye in sun shiga, baya suke zama, ba sa magana sai an tambaye su. Ta ce su da kansu suka je suka gaya wa likitar da ke duba su ta riƙa kallonsu in tana bayani, ta daina kallon iyayensu. Su suka sa aka manna hotuna a wurin aikin Amal maimakon dogon rubutu. Ta ce, "Wallahi ya waladi, da farko ni ma kuka na yi. Shekara talatin ni nake magana a madadinta, rana ɗaya ta ce in yi shiru."

A raina na ce wannan sai a Madina. A garinmu in ka tara irinsu ka ce su yi shawara, har yaran unguwa sai sun zo kallo. Awa biyu na yi ina kasa kunne ko zan ji kukan Saratu. Dariya na ji, ban kuma gane ko tata ce ba.

Da ta fito, akwai wani kati rataye a wuyanta. An rubuta sunanta da sunan masaukinmu da lambar waya, da Larabci da Hausa, a ƙasa kuma: "Ina ganewa a hankali. Ku yi mini magana ɗaya-ɗaya." Na karanta. Na tuna duk labaran da ake bayarwa na masu yaudarar baƙi, na ga kamar an rubuta wa mugu takardar gayyata. Akwai kunya ma a ciki, ba zan ɓoye ba. Na cire katin daga wuyanta na sa a aljihu na ce, "Ba kya buƙatar wannan. Ina nan, ba inda za ni."

Amal ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta kama hannun Saratu ta ce su koma ciki ta yi mantuwa. Ba su daɗe ba suka fito.

Ranar Asabar da la'asar abin ya faru. Mun yi da Hajiya Kande cewa bayan salla mu haɗu a gindin wata fitila kusa da ƙofar mata. Na idar na zo na tsaya. Mata suna ta fitowa kamar ba za su ƙare ba. Can sai ga Hajiya Kande ita kaɗai, takalminta ɗaya a hannu, tana haki. Ta ce, "Malam Lawal, ba ta fito nan ba? Wajen ɗaukar takalmi aka turo mu, na waiga ban gan ta ba."

Ban san lokacin da na nufi ƙofar da gudu ba. Mai tsaron ya tare ni da hannu ya ce, "Mamnu', ya hajj." Wato an hana shiga. Aikinsa yake yi, ni ma na sani. Larabcin da na koya a makarantar allo ya gudu ya bar ni, na tsaya ina nuna tsawonta da hannu ina cewa "uhti, uhti," wato 'yar'uwata. Ya nuna mini wani ofis da ake kai waɗanda suka ɓata. Na je, babu ita. Suka tambaye ni lambar wayarta, na ce ba ta da waya. Suka tambaya ko tana ɗauke da wata takarda. Na sa hannu a aljihu, na taɓo fasfo ɗinta, na taɓo katin.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko ranar da Inna take cikawa. Na zagaye harabar masallacin nan sau uku, kuma wanda ya je ya san girmanta. Duk macen da na hango mai hijabi ruwan toka sai in bi ta, in ta juyo in ga baƙuwar fuska. Wata ma mijinta ya daka mini tsawa. Ina tafe ina lissafa abubuwan da Saratu ba ta sani ba: ba ta san sunan otal ɗin ba, ba ta san lambata ba, ba ta san sunan unguwar ba, ba ta taɓa tsallaka titi ita kaɗai ba. Kowanne na lissafa sai in ga ni ne ban koya mata ba. Na tuna yadda take bin duk wanda ya yi mata murmushi. Na tuna motocin da ke tsaye a bakin titi suna kiran fasinjan Makka, na ga kamar an riga an saka ta a ɗaya. Na fara shirya abin da zan faɗa wa 'yan'uwan da suka ce ganganci ne. Na zauna a kan tayil ɗin nan mai zafi, wani Bature ko Baturke ya miƙo mini ruwa.

Ana gab da kiran magariba wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce. Ta ce, "Lawal, kana ina? Saratu tana nan lafiya. Ta kira Amal."

Na ce, "Ta kira wa?"

"Amal. Tana wajen masu shara ta ɓangaren gabas, mu ma ga mu nan a hanya. Ka daina kukan haka, ka tashi ka je."

Na same ta zaune a kan kujerar roba, da robar ruwa a hannu, kusa da wata mata mai kayan aikin shara. Matar 'yar Chadi ce, Hausarta da ɗan nauyi. Ita ta ba ni labari. Ta ce tana goge ƙasa tana magana da abokiyar aikinta da Hausa, sai ta ji an ja mata riga. "Ta ce mini, 'Baba, sunana Saratu. Na ɓata. Ki yi mini magana a hankali.' Har sau biyu ta faɗa, Alhaji. Na ce ina masaukinku, ta ce ba ta sani ba. Na ce lambar wa kika sani, sai ta juya gefen hijabinta." Matar ta kama bakin hijabin ta nuna mini. Daga ciki, da biro, an rubuta lambar waya da manyan lambobi karkatattu. Matar ta buga lambar da wayarta, Amal ta ɗauka. Mantuwar da Amal ta ce ta yi ke nan.

Na so in yi faɗa, na so in rungume ta, na rasa wanda zan fara. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Me ya sa ba ki tsaya inda aka ce ba?" Saratu ta sunkuyar da kai. Amal da ta iso a lokacin ta shiga tsakaninmu ta ce, "Ba yanzu ba. Litinin ka zo jalsa. Tana da magana."

Ba ranar taronsu ba ce, amma bakwai daga cikinsu suka zo. Wannan karon a tsakar gidan suka zauna da niƙabansu, aka ajiye mini kujera a bakin ƙofa. Na sha zama gaban manya, ban taɓa jin gumi yana bin bayana kamar ranar ba. Amal ta ce, rabi da Larabci Gwaggo tana fassarawa, "Saratu za ta yi magana. Kai za ka ji. In ta tsaya, ba ka taimaka mata."

Saratu ta miƙe. Ta daɗe tana murza bakin hijabinta. Na san abin da ke wahalar da ita, kalmomin ne suke cushe mata, kuma sau dubu a irin wannan lokacin nake cewa "abin da take nufi shi ne." Na danne harshena da haƙori.

Ta ce, "Yaya." Ta tsaya. "Ranar jirgi ka ji mini ciwo a hannu."

Na buɗe baki, wata daga cikin matan ta ɗaga yatsa, na rufe.

"Ba na so ka ce ba ni da lafiya. Lafiyata ƙalau." Ta sake tsayawa, har na ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki daga ciki. "Katina nawa ne. Ka ba ni."

Na ciro shi na miƙa. Ta rataya a wuya, ta juya shi rubutun yana kallon waje. Na ɗauka ta gama, har na fara gyara zama, sai ta ce:

"Inna ta ce ba za ta bar ni ba. Ta mutu. Kai ma ka ce ba inda za ka." Ta dube ni. "Ni ma ina jin tsoro, Yaya. In ka mutu, ban san komai ba."

Shekara guda ke nan wannan tunanin yake hana ni sukuni, ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko matata. Ban taɓa zaton ita ma tana ɗauke da shi ba, a ɗakin da ke jikin nawa. Na rufe fuska da hula. Da na sami kaina, Amal ta ce yanzu an ba ni dama. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ki yafe mini." Saratu ta ce, "To," kamar an ce ta miƙo gishiri, ta koma ta zauna. Aka kawo shayi mai na'ana'a.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka tsoron ya tafi. Washegari muka bar Madina zuwa Makka, inda cunkoson ya ninka wanda na gani. Gwaggo ta ba Saratu wata tsohuwar waya, Amal ta koya mata inda za ta danna. Amma Saratu ta ce waya tana iya faɗuwa, ita so take ta haddace lambata kamar sura.

Haka muka yi a motar, ga hamada ta ko'ina, mutane suna ta talbiyya, ni ina faɗin lambobi uku-uku tana maimaitawa. Mun yi nisa sosai kafin ta ce in yi shiru za ta kawo ita kaɗai. Ta fara daidai. Ta zo tsakiya ta sa bakwai a wurin tara, ta ji bai zauna ba, ta tsaya. Lambar tana bakina. Hajiya Kande da ke bayanmu ta zungure ni ta ce, "Gaya mata mana, ka bar yarinya tana wahala."

Na ce, "Hajiya, ƙyale ta."

Motar ta yi ta tafiya. Saratu ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi, ta koma farko. Da ta iso wurin ta ce tara, ta wuce har ƙarshe. Sannan ta buɗe ido ta ce, "Yaya, saura sunan unguwarmu da na titinmu."